Manhajar da Na Sa wa 'Yan Jinya a Gyaɗi-Gyaɗi

Ku da kuke tsayawa a gaban teburina kuna cewa wannan ai ba sana'a ba ce, jona waya ne kawai a kwamfuta a tura, ku samu wuri a bencin nan ku zauna. Sunana Isa. Daga nan Gyaɗi-Gyaɗi har kasuwar Tarauni, in ka ce Malam Isa mai tura waƙa za a nuna maka ni, ko da yake yanzu 'yan dawunlodin ake ce mana. Na fi shekara ashirin ina sa wa mutane abin ji da abin kallo, tun ana yi a kaset har aka dawo waya.

Bari in fara muku da wani ɗan adaidaita da ya taɓa tsayawa a nan, ko injin bai kashe ba. Ya ce waƙa yake so. Na ce wacce? Ya ce bai san sunanta ba. Na ce wa ya yi ta? Ya ce shi ma abin da yake so ya sani ke nan. A wani biki ya ji ta a Ƙauyen Alu, ya sauke fasinja ana cikin sa ta, kwana uku ke nan tana masa yawo a ka. Na ce to rera min. Ya duba hagu ya duba dama, ya sunkuyo ya yi wani ɗan gurnani da ko uwar da ta haife shi ba za ta ce waƙa ba ce. Na ce da kalangu ta fara ko da fiyano? Ya ce kalangu. Na ce mace ce take amshi ko yara? Ya ce mace, mai siririyar murya. Na sa masa ta farko, ya girgiza kai. Ta biyu ma haka. Ina sa ta uku ya daki teburin nan har ridar da nake karanta memori da ita ta faɗi ƙasa.

To wannan shi ne aikin. Turawar ba komai ba ce, ɗan shekara goma ma zai yi. Mutum ne zai zo bai san sunan abin da yake so ba, kai za ka sani. Wata za ta ce fim ɗin nan da matar ta faɗa rijiya. Wani dattijo zai ce karatun da ya ji yana tashi a shagon mai magani, mai karatun yana da ɗan kuka a murya. Ba wanda yake zuwa da suna a rubuce. A mota suke ji, a gidan suna, a wayar maƙwabci, sai su kawo maka guntun abin a baki.

A wurin Alhaji Sabo mai kaset na koyi kunne, a kasuwar Tarauni. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma tun daga ƙasa har rufi kaset ne. Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa injin kwafi ba. Aikina shara, da liƙa takarda a bayan kaset, da naɗe zaren da ya warware da biro. In ciniki ya lafa sai ya ɗauko kaset ba tare da na ga bayansa ba, ya sa, ya bari ya yi kamar numfashi uku, ya kashe.

"Wane ne wannan?"

In na faɗa daidai, ba zai ce komai ba. In na kuskure sai ya ce, "Isa, kunnen nan naka na ado ne?" Ya sake sawa. Wata rana ya sa min karatun mutum biyu, malami da ɗalibinsa, muryarsu kamar an tsaga kara, ya ce ba zan ci abincin rana ba sai na raba su. Sai bayan la'asar na gane ɗalibin yana jan numfashi kafin ƙarshen aya, malamin ba ya ja. Alhaji ya miƙo min kwanon shinkafa da wake ya yi sanyi ƙalau.

Da kaset ya mutu muka koma faifai, da faifai ya mutu Alhaji ya ce shi ya gaji da binne sana'a, ya koma sayar da dabino. Ni na sayi tsohuwar kwamfuta na dawo nan bakin titin da yake zuwa ƙofar asibitin koyarwa. Kayan aikina ba su da yawa: kwamfuta, rida, kebul kala-kala saboda kowace waya da irin bakinta, ƙaramin janareta, da rumbu, wato akwatin ajiyar nan baƙi da nake tara komai a ciki. Duk abin da Alhaji ya tara a kaset sai da na juye shi cikin rumbun nan, ɗaya bayan ɗaya, na yi wata da watanni ina yi.

Kuma kowace waya da halinta. Ƙaramar waya mai madannai ba ta ɗaukar fim yadda yake, sai ka matse shi ya ƙanƙance, in ka matse da yawa kuma fuskokin su koma kamar an shafa musu kunu. Akwai memori na jabu da za a rubuta masa girma a jiki, ka zuba masa fim goma ya karɓa lafiya lau, mutum ya je gida ya tarar da biyu. Gobe kai zai zo ya zaga, ba wanda ya sayar masa ba. Shi ya sa ba na zuba komai sai na gwada memorin tukuna. Akwai kuma wanda zai zo da bairos a ciki, wato cutar na'ura, kana jonawa ya shiga kwamfutarka ya bi duk wanda ya zo bayansa.

Masu sayena kashi biyu ne. Akwai ma'aikatan asibiti da ɗalibai, su sun san abin da suke so, littattafan karatunsu da tafsiri. A cikinsu akwai wata nas, Sista Rabi, wadda take aiki a ɗakin masu karaya. Ita ba ta taɓa miƙo min waya ta juya baya ba. Tsayawa take a kaina tana kallon duk abin da nake yi, in na kai hannu inda ba ta ce ba sai ta ce, "Malam Isa, ina za ka?"

Kashi na biyu su ne 'yan jinya, kuma su ne abincina. Mutum ya baro ƙauyensu da mara lafiya, ya zo ya shimfiɗa tabarma a baranda, sati biyu, wata guda, wani har wata uku. Ba abin da yake yi sai jira. A tabarmar nan suke gano komai. Wata za ta leƙa wayar ta kusa da ita, ta ga ana kallon wani abu, ta ce a ina kika samu? A ce wurin mai tebur a bakin titi. Sai ta zo ta ce, "Malam, irin na waccan za ka sa min." Yawancinsu ba sa karanta Turanci, wasu ko boko ba su yi ba. Su miƙo wayar, su zauna a benci, duk abin da na yi daidai ne.

Da manyan wayoyi suka yawaita, data ta yi sauƙi, sai matasa suka daina zuwa, kowa yana saukar da abinsa da kansa. Ciniki ya ja baya sosai. Abin da ya rage mana shi ne sa wa mutane manhaja, wato abin da ku kuke ce wa af, da buɗe musu akawun, da nuna musu inda za su taɓa. A wannan halin ake, gab da faɗuwar damina, wani mutum ya tsaya da farar mota a gabana.

Ya ce sunansa Nura. Har yau ban sani ba ko sunansa ne. Farar shadda, agogo, kati a rataye a wuya, Hausarsa ta Kano tsantsa. Ya gaishe ni da sunana, ya ce an gaya masa duk yankin asibiti ba wanda mutane suka yarda da shi kamata. Ya ce kamfaninsu ya fito da sabuwar manhaja ta kallon finafinan Hausa kyauta, ba ta cin data sosai, kuma a ciki akwai lokutan salla da azkar na safe da yamma. Ba a sa ta a kantin manhajoji na waya ba tukuna, ta hannun irinmu suke so ta fara shiga mutane. Ya buɗe ta a wayarsa ya nuna min. Wallahi tana aiki. Fim yana tafiya sumul, ba tsayawa.

Ya ce, "Malam, mun fi so a fara da 'yan jinya. Su ne suke cikin kaɗaici, a samu ladansu."

Na ce sai na gwada. Ya ba ni ita a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake jonawa a kwamfuta, na sa a wata tsohuwar waya da nake ajiyewa don gwaji, na yi kwana uku ina kallonta. Ba ta yi zafi ba, ba ta cinye batir ba, ba ta jawo tallan banza ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne wayar gwajin nan ba layi a cikinta, ba lambar kowa. Da ya dawo na ce na karɓa. Ya sauke min sabuwar lema shuɗiya, babba, da benci, ya ce duk wayar da na sa wa akwai ɗan abin da za a ba ni. Ya kwatanta min ofishinsu, a saman wani bene a Tarauni.

In za ka sa manhaja, waya takan yi maka tambayoyi da Turanci. Wannan guda uku take yi. Ka yarda ta ga lambobin da ke cikin wayar? Ka yarda ta karanta saƙonni ta kuma aika? Ka yarda ta kula da kira? Kusan kowace manhaja tana irin waɗannan tambayoyin, kuma yatsana ya riga ya saba. Na yarda, na yarda, na yarda, in miƙa wa mutum wayarsa. Ba ranar da ba na sa wa mutum goma. Abokan sana'ata biyu suka karɓa a wurina. 'Yan jinya kuma suka riƙa tura wa junansu a tabarma.

A cikin waɗanda na sa wa akwai wata mata, Inna Laure, daga wani ƙauye a bayan Rano. Mijinta, Malam Iro, mota ce ta buge shi a kan babur, ƙafar ta karye gida biyu, suna jiran a sa masa ƙarfe. Ta zo da wayar a ƙulle cikin leda, ledar a ƙulle a bakin zane. Wayar mijin ce, duk lambobin danginsa da mutanen garinsu suna ciki.

Ta ce, "Malam, karatu nake so ka sa masa. Sannan irin abin nan na matar gadon kusa da mu, mai fim. Zaman ya ishe shi, da kowa faɗa yake."

Na ce, "An gama, Inna."

Ta tambaye ni ko ba zai ɓata wayar ba, don ba tata ba ce. Na ce mata ni da kaina na gwada. Minti biyar ba a yi ba ta mayar da ita cikin leda, ta yi min addu'a ta tafi.

Bayan kamar sati biyu, wata Talata da azahar, ina cikin matse wa wani fim, sai na ga Sista Rabi ta tsallako titi da farin kayanta, ba ta ko duba mota ba. Ba ta yi sallama ba, ita da ba ta taɓa wuce ni ba gaisuwa.

Ta ce, "Malam Isa, rufe kwamfutar nan."

Ta zuba wayoyi huɗu a kan tebur, ta kunna su ɗaya bayan ɗaya.

"Me ka gani iri ɗaya a cikinsu?"

Na duba. Kowacce akwai alamar manhajar nan a fuskarta.

Ta ciro tata wayar ta nuna min hoton wani saƙo da ta ɗauka daga wayar wani baƙo. Da Hausa aka rubuta shi, Hausa mai kyau, har da sallama. Yana cewa jiki ya tsananta, likitoci sun ce sai an shiga aiki yau ɗin nan, kada a kira don suna inda ba a ɗaga waya, a taimaka a tura abin da ya samu ta wannan lambar asusun ta wani ma'aikaci. A ƙarshe har da a taya mu da addu'a.

Ta ce, "Tun jiya mutane suke cika mana ɗaki. Daga Ɗambatta, daga Gaya, daga ko'ina. Wata ta shigo da kuka tana tambayar gawar ƙaninta, ta same shi a zaune yana shan fura. Kowa ya ce daga lambar ɗan'uwansa saƙon ya zo, ya kira bai shiga ba, ya tura kuɗi. Masu wayar kuma sun rantse ba su aika komai ba, kuma ba alamar saƙon a wayarsu. Yanzu haka dambe ake a baranda, wa da ƙani. Na bi su ɗaya ɗaya na ce wa ya taɓa muku waya? Kowa ya ce mai shuɗiyar lema."

Wanda nake matse wa fim ya zare memorinsa da kansa ya tafi.

Ta ce, "Mutum nawa ka sa wa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ka ƙirga ba?"

Na kira lambar Nura a gabanta, a kashe. Na kwashi kwamfuta da filas da rumbu, na bar teburin yadda yake na tari adaidaita zuwa Tarauni. Benen yana nan, ɗakin yana nan, da kwado a ƙofar. Na leƙa ta taga, ba komai sai kujerar roba ɗaya da kwalin ruwa. Telan da yake ƙasa ya ce wata biyu suka kama, ranar Asabar suka kwashe kaya, sun ce sun samu wuri mafi girma.

Daga nan gidan mai unguwa na wuce, na gaya masa komai, ya sa hularsa ya raka ni wurin 'yan sanda. Na kai kaina kafin a zo a kai ni. Suka rubuta bayanina, suka karɓi kwamfuta da filas da rumbu a matsayin shaida, mai unguwa ya tsaya min aka bar ni na tafi. Wani ma'aikacinsu da ya san harkar ya duba, ya ce manhajar kwanciya take yi ta yi shiru, tana kwashe lambobi, sai ranar da masu ita suka ba ta umarni ta aika saƙon ga kowa, ta goge shi, ta toshe kira na wasu sa'o'i. Ya ce an zaɓi 'yan jinya ne da gangan. Wanda ɗan'uwansa yake kwance a asibiti, kullum a cikin jiran irin wannan saƙon yake.

Ya ce, "Amma ba ta iya yin komai sai an ba ta izini. Wa yake danna musu?"

Na ce ni ne.

Kafin in dawo an karya lemar, an jefa bencin a kwata. Ban tambayi wanda ya yi ba. Washegari Sista Rabi ta nemo min izini, ta sa ni a gaba muka bi baranda baranda, ina karɓar wayoyi ina cire abin. Wasu suka miƙo. Wani ya tofa min yawu a riga. Wata tsohuwa ta ƙi ba ni, ta ce wanda ya sa cuta ba shi zai cire ta ba, sai Sista ce ta karɓa ina gaya mata inda za ta taɓa. Waɗanda aka riga aka sallama suka koma garuruwansu da ita a waya, ba ni da hanyar samunsu. Mai unguwa ya sa aka yi sanarwa a masallatai ranar Juma'a.

Na yi wata huɗu ba tebur. Kwamfutar ta dawo daga baya, rumbun kuma da aka jona shi bai ƙara tashi ba. Duk kaset ɗin Alhaji Sabo suna ciki.

Amma ba wannan ne ya sa nake kiran shekarar nan muguwar shekara ba. Kwana goma da faruwar abin, ina zaune a dakalin mai shayi kusa da inda teburina yake a da, sai ga Inna Laure. Ta rame har na so in kasa gane ta. Ta tsaya daga nesa kaɗan ta gaishe ni, ita ce ma ta fara gaishe ni.

Ta ce saƙon ya je wa yayan mijinta, Malam Haruna. Ya kira bai samu ba, ya kira bai samu ba. Ranar kasuwa ce, sai ya kwance shanun huɗarsu guda biyu, waɗanda gidan gaba ɗaya suke noma da su, ya kai kasuwa ya sayar a yadda aka taya, ya je wurin mai tura kuɗi ya tura duka. Bayan kwana biyu ya zo dubiya ya tarar ba a yi aiki ba, ba a ma sa rana ba. Ya ce ina kuɗin? Ta ce wane kuɗi? Ya nuna mata saƙon, ga lambar ƙaninsa a sama, kuma kowa ya san wayar a bakin zanenta take kwana.

"Sun ce ni da 'yan'uwana muka haɗa baki. An yi musu bayanin abin nan na waya, Yaya Haruna ya ce shi bai taɓa jin inda waya ta rubuta wasiƙa da kanta ba. Ya ce ranar da aka sallami Malam, in wuce gidanmu. Shekara ashirin da shida ina gidan nan."

Na ce mata na sayar da janaretana, ga abin da ya samu. Na san bai kai kuɗin ƙafa ɗaya ta shanun nan ba.

Ta ce, "Kai wa Sista, a haɗa a na aiki. Ni ba wannan ya kawo ni ba. So nake ka je ka faɗa musu da bakinka."

Ranar Lahadi ta bar 'yarta a wurin mara lafiya, muka hau mota a Unguwa Uku. Ruwa ya riga ya sauka, ko'ina an yi huɗa, gonaki sun yi layi layi. Da muka sauka muka bi ta gefen wata gona sai na ga maza huɗu da yara a sunkuye suna tayar da kunya da hannu, ba su ci ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ba ta ce min tasu ce ba. Da muka isa ƙofar gidan na ga turke biyu da igiyoyinsu a ƙasa.

Ta shige cikin gida. Ni aka shimfiɗa min tabarma a zaure. Malam Haruna ya shigo da taɓo har gwiwa, dogo ne, gemunsa ya yi fari. Aka kira liman da wasu ƙannensa biyu. Ina jin motsin mata a bayan ƙofa.

Na faɗi sunana da sana'ata. Na ba su labari tun daga ranar da motar ta tsaya a gabana. Na nuna takardar 'yan sanda, liman ya juya ta ya ba wani ƙanin da ya yi makaranta ya karanta musu. Na ce baiwar Allahn nan karatu ta zo a sa wa mijinta, har tambayata ta yi ko abin ba zai ɓata waya ba, ni na ce mata na gwada. Na ce in ana so in dafa Alƙur'ani, a kawo.

Liman ya ce ba sai an kai ga haka ba. Malam Haruna yana kankare taɓon hannunsa da ɗan tsinke. Can ya ɗago.

"Ka ce wayar sai da ta yi tambaya kafin abin ya shiga?"

"Ta yi, Malam."

"Me ta ce?"

Na gaya masa tambayoyin guda uku, da Hausa, yadda suke.

Ɗaya daga cikin ƙannen ya ce, "Ta faɗa ƙarara za ta aika saƙo?"

Na ce ta faɗa.

Malam Haruna ya ce, "Da wane yare?"

"Da Turanci."

"Kai kana jin Turancin?"

"Ina ji."

"Ka karanta?"

"Ban karanta ba."

Ya dube ni. Ba tsawa, ba zagi. Ya juya wurin liman ya ce, "Malam, ka ji fa. Mu da ba mu iya ba, muka ɗauka muka kai wa wanda ya iya." Sannan ya ɗaga murya yadda na bayan ƙofa za su ji. "Ku shaida, maganar da na faɗa a kan Laure na janye ta. Na zalunce ta. A gaya mata ta yafe min."

Wata mata ta fashe da kuka a ciki, ban san ko ita ce ba. Aka kawo min tuwo, don baƙo ne ni. Malam Haruna ya miƙe ya ɗauki garmarsa a bakin zaure ya koma gona, bai ƙara duban inda nake ba.

An yi wa Malam Iro aiki bayan sati uku, da abin da ma'aikatan ɗakin da mutanen masallaci suka haɗa. Ƙafar ta ɗan gajarce, da sanda yake tafiya. Nura kuwa har yau ba a kama shi ba. Wani lokaci in farar mota ta rage gudu a gabana sai in ga na miƙe tsaye.

Da na sake kafa tebur, da kwamfutar aro na fara kafin a dawo min da tawa, kuma na canja yadda nake aiki. Ba na sa manhajar da aka kawo min a hannu, ko wa ya kawo. Wadda zan sa kuma, duk tambayar da waya ta yi sai na karanta ta da ƙarfi, in fassara, in ce wannan tana so ta ga hotunanka, wannan tana so ta ji muryarka, sannan in miƙa wa mutum wayarsa ya danna da yatsansa. Aikin minti biyu ya koma na minti goma. Mutane da yawa ba sa so.

Ko jiya wani ya zo, ɗan jinya ne, mahaifiyarsa tana kwance. An nuna masa wata manhaja a baranda, wai tana ba da data kyauta. Na buɗe, na fara karanta masa. Ina tambaya ta biyu ya ce, "Haba Malam, sauri nake, danna kawai mana."

Na ce, "Tana so ta karanta saƙonninka ta kuma aika wasu da sunanka. Ni ba zan danna ba. Ga wayarka."

Ya karɓa yana tsaki, ya tsallaka titi wurin teburin da yake kallon nawa. Ina zaune ina ganinsu. Ko minti ɗaya ba a yi ba aka miƙo masa wayar, ya sa a aljihu, ya nufi ƙofar asibiti.